Ku Tambaya Mu Amsa: Injin barcin Alhaji ya koma watsa mai ruwa a hanci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita, da fatan kana lafiya ya aiki ya sanyi. Maigidana ne ke fama da ciwon nan na ɗaukewar numfashi cikin barci, minshari kamar me sai kuma kaji shiru numfashin ya tsaya, aka rubuta mai injin CPAP, wanda ke hura mai iska ta tiyo da takunkumi in zai yi barci, kuma Alhamdulillah yaji daɗin shi sosai, har gyangyaɗin da yake a shago ya daina. Toh tunda hunturu ya shigo abu ya rikice, in ya rage lambar tururi sai ya tashi hanci ya bushe har da ɗan jini, in ya ƙara kuma wajen asuba tiyon ya dinga ƙara ƙululu-ƙululu ruwa na zubo mai a fuska, ga wani farin abu kamar kanwa ya kama gindin tankin. Yanzu yace shi ya gaji zai aje shi sai zafi. Don Allah a bamu shawara. Daga wata uwargida, Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara ma Alhaji lafiya. Maganar farko dai ki roƙe shi kar ya aje injin nan, domin shi ba magani bane da ake sha a warke, daren da duk aka kwana ba shi maƙogwaro ya koma rufewa kamar da, kuma wannan rufewar ce ke tada hawan jini tana wahalar da zuciya. Injin ma lafiyar shi lau, hunturu ne kawai ya same shi.

Kinga ɗan tankin nan akwai farantin ƙarfe a ƙarƙashin shi dake ɗumama ruwan, iska ta bi ta kai ta kwashi laima sannan ta shiga tiyo. Toh tiyon nan ya kusa mita 2, ɗakin kuma da asuba a Daura kin san yadda yake, kafin iskar ta iso hanci ta huce, laimar ta koma ruwa a jikin roba, daidai yadda murfin tukunya ke tara ruwa in kin ɗaga. Shi ne ƙarar da kuke ji. In kuma ya kashe tururin gaba ɗaya iskar hunturu da ma busasshiya ce, laimar ta da rana kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100, ga inji na tura ta da ƙarfi dare guda cur, dole hanci ya tsattsage.

Abinda za'a yi, a sauke injin ƙasa da kan shi, kan ɗan kujera ko ƙaramin tebur, yadda in ruwa ya taru zai gangara ya koma tanki ba fuskar shi ba, amma kar a aje shi a daɓe don ƙura zai dinga zuƙa. Tiyon kuma a ɗumama shi, ki samu tsohon zane mai kauri ko safa dogaye ki yanke bakin su ki zura, ko tela ya ɗinka mai riga, sauran tsawon ya shigar dashi cikin bargo. A rufe taga da daddare, a kashe fanka in tana bugun tiyon. Lambar tururi kuma ba'a tsalle da ita, in irin ResMed AirSense 10 ne daga 1 zuwa 8 take, a ƙara ɗaya a kwana biyu a gani, in ruwa ya taru a rage ɗaya. Akwai tiyo mai ɗumama kan shi da ake saidawa daban, in da hali shi ne ke kashe maganar baki ɗaya, sai dai kuɗi da cin wuta. Kuma lambar da ta yi mai daidai a Janairu ba ita zata yi a Agusta ba, da damina ta sauka iska ta jiƙe sai a rage.

Sannan ki lura dashi in ya yi barci, bakin shi a buɗe yake? In takunkumin na hanci ne kawai kuma yana buɗe baki, iskar ta hanci zata shiga ta baki ta fice, ko ya kai tururi ƙarshe sai ya tashi maƙoshi a bushe. Wannan maɗaurin haɓa ake sa mai ko a canja takunkumi mai rufe hanci da baki.

Farin abin nan kuwa gishirin ruwa ne, ruwan rijiya da na bohol duk suna da shi, ruwan ya tashi tururi ya bar shi a ƙasa. Ruwan da masu injin suka ce a sa shine distil wata, wato ruwan da aka raba shi da gishirin nan, a tambaya a manyan kyamis. Amma don Allah ban da ruwan batir na wajen masu gyaran mota, wani akwai asid a ciki kuma ba don huhun mutum aka yi shi ba, haka ruwan dake ɗiga daga AC. In ba'a samu ba a tafasa ruwa mai kyau a bari ya huce, tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta amma bata cire gishirin, don haka wanki zai ƙaru. Kullum da safe a zubar da ragowar a ɗauraye a kife a inuwa, in farin ya kama a jiƙa da ruwan khal, kashi 1 khal kashi 10 ruwa, a ɗauraye sosai. Kuma kar a kuskura a ɗaga injin da ruwa cikin tanki, injina da yawa ta nan suke lalacewa, yara sun zo shara sun karkata shi ruwa ya shige motar dake hura iskar a cikin injin.

Wani abu da nasan mutanen mu da shi, ba'a ɗiga Robb ko man habbatus sauda ko miski cikin tankin wai don mura, kai tsaye huhu zai tafi. Basilin ma kar ya cusa a hanci, yana lalata robar takunkumi kuma ba'a son a dinga shaƙar maiƙo, ruwan gishiri na fesawa a hanci da ake saidawa a kyamis ya fi. Turaren wuta kuma Hajiya nasan ba zaki so jin wannan ba, amma a yi shi da wuri ɗaki ya sha iska kafin a kunna inji. In jinin hancin bai tsaya ba bayan duk wannan a kai shi wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro.

TAMBAYA: Likita ni matsalata wuta ce, ina da ɗan inbata da batir ɗaya amma in na jona injin kafin ƙarfe uku ya fara kuka ya mutu. Kuma ina tsoro, in wuta ta ɗauke ina barci da abin a fuska ba zan shaƙe ba? Daga wani ɗan kasuwa, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Malam ba injin ke shanye maka batir ba, farantin ɗumama ruwan ne, ya fi motar dake hura iskar cin wuta nesa ba kusa ba, balle in an haɗa da tiyo mai ɗumi. Daren da kake kan batir ka kashe ɗumin amma ka bar ruwa a tanki, iska in ta bi ta kai tana ɗan kwasar laima ko ba zafi. Akwai kuma wayar da ke haɗa injin da batir kai tsaye ba sai an bi ta inbata ba, tana rage asara, amma ka nemi ta ƙirar injin ka, kar mai gyaran rediyo ya haɗa maka.

Batun shaƙewa ka kwantar da hankalin ka, takunkumin akwai ƙananan huji da iska ke fita, mai rufe baki da hanci kuma akwai wani ɗan marfi dake buɗewa da kan shi in iska ta tsaya, yawanci ma mutum farkawa yake ya cire. Hujin nan da gangan aka yi su don numfashin da ka fitar ya fice, wasu sai su zaci yoyo ne su liƙe da salatif, wannan shine haɗarin gaske. In janareta zaka tada kuma ya yi nesa da taga, haka kaskon gawayi na jin ɗumi kar ya kwana a ɗakin, injin iskar ɗakin yake zuƙa ya tura maka kuma filtar shi ƙura kawai take tarewa bata tare hayaƙi.

TAMBAYA: Salam, ƙanina ya aiko man da inji na hannu daga waje, Philips ne, sai nake ganin wasu baƙaƙen ɓurɓushi cikin tiyo, ƙura ce ko me? Daga wani malamin makaranta, Katsina.

AMSA: Malam ka fara duba filta, ɗan farin auduga ne a baya ko a gefe, a hunturu irin namu duk sati ake duba shi, da ya yi ja a canja. Amma ƙurar mu ja ce ko fara, baƙi kam ya sa na tsargu. A watan Yunin 2021 kamfanin Philips ya yi kiranyen miliyoyin injinan shi, ciki har da DreamStation na farko da System One, saboda soson da aka sa a ciki don rage ƙara yana ruɓewa ya dinga fitowa ta hanyar iska, kuma zafi da laima na ƙara saurin lalacewar shi, ka kuwa san zafin Katsina a watan Afrilu. Ka juya injin ka duba sunan ƙirar da lambar dake ƙasa, ka sa ƙanin naka ya bincika a shafin kamfanin. In yana cikin su kuma ga ɓurɓushi a fili, kar ka sake kwana da shi, kaje wajen likita cikin satin nan a nemo mafita. Banda haka ma inji na hannu an saita ƙarfin iskar shi ne don wani mutum daban, ana sa shi tsakanin 4 zuwa 20 gwargwadon gwajin barcin kowa, toh kai an taɓa yi maka gwajin kuwa? In ba'a yi ba daga nan zaka fara, kuma takunkumi da tiyo da tanki duk sababbi zaka saya.