Tangaran da tukwanen da mahaifiyarmu ta bari: in sallama su gaba ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifiyarmu ta rasu bara, ta bar kabad cike da tangaran, da randuna biyu, da wasu tukwane masu sheƙi da mahaifinmu ya sayo mata tun yana aiki a Suleja. Wani mai sayen tsofaffin kaya ya yi musu kuɗi a dunƙule, ya ce a garin da roba ta cika ba mai neman irin waɗannan. In sallama masa? Daga wata 'yar'uwa a Sharaɗa, Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya sa Aljanna ce makomarta. 'Yar'uwa, kada ki sallama tukuna. Kafin ma a zo batun ciniki, kayan nan gado ne, sai an raba ko kuma duk magada sun amince a sayar a raba kuɗin.

Mutumin ya faɗi gaskiya ta wani ɓangaren. Masana'antun Sharaɗa da Bompai da Challawa sun sa roba ta yi araha, ga kuma sabon tangaran ɗan Chana a Sabon Gari. Farantin da ba shi da wani asali ba zai yi kuɗi ba. Amma mai sayen dunƙule yana biyan kuɗin mafi ƙasƙancin kayan ne, ya tafi da mai darajar a kyauta. Na sha ganin haka, kuma yana yi mini ciwo.

Ki shimfiɗa tabarma, ki fito da komai, ki wanke da ruwan ɗumi da sabulu da tsumma mai laushi. Ban da soson ƙarfe, yana kankare zanen ruwan zinare na bakin faranti. Sai ki riƙa kifa kowanne kina duba gindinsa.

Tukwanen Suleja su ne suka tsaya mini a rai. Garin nan a da shi ake kira Abuja, kuma a can wani Bature, Michael Cardew, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga cibiyar a 1954, ta rasu a 1984. Kayan cibiyar suna da nauyi, ƙonuwarsu ta yi ƙarfi, sheƙinsu yawanci duhu-duhu ne, kuma akan danna musu ɗan hatimi mai sunan Abuja da rubutun ajami, kusa da shi da haruffan maginin. Na Ladi Kwali LK ne. A jikin tukwanenta za ki ga an zana ƙadangare, ko kada, ko kunama, ko kifi. Masu tara kayan fasaha har Ingila suna neman su, a gidajen gwanjo na Landan ma ana sayar da su. In kin ga hatimin nan, ki ɗauke tukunyar daga cikin kayan sayarwa, ki ɗau hotonta da na gindinta, ki nuna wa ma'aikatan gidan tarihi na Gidan Makama a Kano ko malaman sashen zane-zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. Ko da ba ta Ladi ba ce, ta ɗaya daga abokan aikinta ce, ta fi ƙarfin kuɗin dunƙule.

A tangaran kuma ki nemi sunan kamfani. Wedgwood, Royal Doulton, Johnson Brothers, duk na yankin Stoke-on-Trent ne a Ingila, kuma sun fi na gama-gari daraja, musamman in saitin ya cika, kofi da farantinsa, butar shayi da murfinta. Kada ki raba saiti. Ki ɗora faranti a tafin hannu ki ƙwanƙwasa shi da farce: mai lafiya zai yi ƙara kamar ƙararrawa, mai ɓoyayyiyar tsaga sai ki ji muryarsa a dishe. Wanda sheƙinsa ya yi ƙananan tsage-tsage kamar saƙar gizo, ki faɗa wa mai saye na ado ne, domin wasu tsofaffin fenti suna da dalma. Ɓoye aibin kaya bai halatta ba, kin sani.

Randa ki cika ta da ruwa ta kwana. Naso a jikinta ba laifi ba ne, shi ke sanyaya ruwan. In kin wayi gari kin ga ruwa kwance a ƙarƙashinta, ta tsage, sai ki kai wa masu sayar da furanni a bakin titi, suna yin shuka a ciki. Mai lafiyar kuwa ki jira watan Maris ko Afrilu, zafi ya kankama, a unguwarku ma za ta shige.

Ga sauran kayan, dillaliya ta fi kowa sanin gidan da ake haɗa wa amarya jere. Ku ƙirga kayan tare, ku yanke la'adarta tun kafin ta ɗauka. Ki sa hotuna a WhatsApp da Facebook, hoton da aka ɗauka da hasken rana, har da wurin da ya ɓantare. Tunda unguwarku ta ma'aikata ce, ƙarshen wata ya fi, haka ma gab da azumi lokacin da bukukuwa ke yawa. Masu ƙawata wurin kamu su ma suna sayen kasko da tulu. Kafin ki yanke farashi, ki shiga Kurmi da Sabon Gari ki taya irinsu, ki ji bakin 'yan kasuwa.

Abu guda da doka ta shiga: in akwai wani abu da aka haƙo daga ƙasa, irin kawunan yumɓu na mutanen da, waɗanda ake kira na Nok, dokar 1979 da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta hana cinikinsa ba tare da izini ba. Wannan hukumar za ki kai wa.

Abin da ya yi saura bayan duk wannan, shi za ki kira mutumin nan ya yi wa kuɗi.