Mawaƙin da ya koma bai tarar da garinsu ba

Malam, ka tambaya ko waƙa na iya mayar da ɗan gudun hijira gida. Dubi Mahmud Darwish na Falasɗinu. An haife shi a ƙauyen Birwa a 1941, iyayensa suka tsere da shi Lebanon a 1948. Da suka lallaɓo bayan shekara guda, sai suka tarar an rushe ƙauyen. Shi ya sa baitocinsa suka cika da itatuwan zaitun, da gurasar mahaifiyarsa da gahawarta: da su yake sake gina garin a bakin masu karatu. Abin da ke taɓa min zuciya shi ne, ya dawo ya zauna a Ramallah, can aka binne shi a 2008, amma Birwa dai bai same ta ba.