Ga mai son bin sawun Akabusi

Ƙanena, na ga saƙonka. Ka ce kana gudun tsallake shinge, kuma kana so ka zo Ingila ka shiga soja don su ɗauki nauyinka kamar yadda suka yi wa Kriss Akabusi, tsohon ɗan tseren Birtaniya. Buri ne mai kyau, amma tarihin mutumin rabi aka ba ka.

Gaskiya ne iyayensa 'yan Najeriya ne, sai dai a Landan aka haife shi a 1958, don haka bai taɓa neman biza ba. Iyayen sun koma gida yana ƙarami, ya tashi a hannun masu riƙo da gidan renon yara. A 1975 ya shiga soja yana ɗan shekara 16, a sashen sadarwa, kurtu kamar kowa, da fareti da gadi. A cikin sojan ne aka gane yana da gudu. A 1981 ya koma sashen masu horar da sojoji motsa jiki. Azurfar da ya ci a Olamfik ta 1984 ma a tseren miƙa sanda ce. Shinge kuwa sai 1987 ya kama shi, yana dab da shekara 30. Daga nan ne ya ci zinaren Turai a 1990, shekarar da ya ajiye kaki da muƙamin samanja, sannan tagulla a Olamfik ta Basalona a 1992 da daƙiƙa 47.82 a tsallake shinge na mita 400. Ka lissafa shekarun da ya yi yana sara wa ofisoshi kafin duniya ta san sunansa.

Rundunar sojan nan soja take ɗauka, ba ɗan tsere ba. In aka ce ƙasar Estoniya za ka aiki, jaka za ka haɗa ko da gobe ne gasar. Gurbin 'yan ƙasashen Kwamanwel ƙayyadadde ne, sau da yawa ma a rufe yake, kuma duk dillalin da ya ce ka biya shi ya sama maka, ɗan damfara ne.

Ni da zan zaɓa maka, hanyar Tobi Amusan, 'yar Najeriya mai tsallake shinge, ta fi kusa: gudunta ya sama mata gurbin karatu a jami'ar Texas da ke El Paso a Amurka, ta kafa tarihin duniya a 2022. Masu horarwa a Amurka lokacin gudu suke dubawa. Ka shiga gasar ƙasa inda na'ura ke auna gudu, ka gyara sakamakon jarrabawarka, sannan ka turo mini lokacinka na mita 400.