Waƙoƙin kuɗi: zaburarwa ko cusa kwaɗayi?

Malam, ka tambaya ko waƙoƙin kuɗi suna zaburar da matasa su nemi na kansu, ko kuwa kwaɗayi kawai suke cusa musu. A ganina, ya danganta da abin da mawaƙin ya yaba. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya girmama karen mota da sauran masu ƙananan sana'o'i da kuntiginsa, haka ma Barmani Choge ta Funtuwa ta yi ta kiran mata da kiɗan ƙwarya su kama sana'a. Irin waɗannan nake ba ka shawarar ka saurara. Masu kirarin motoci da liƙi a wajen biki, ba tare da faɗin inda dukiyar ta fito ba, su ne suke damuna ƙwarai.