Ki rubuta kowane zango, har da wanda babu ruwa

Salama gare ku duka cikin sunan Yesu. Ƙanwata da kika yi tambaya, tun shekaranjiya na ga saƙonki, sai na ce bari in samu natsuwa tukuna, don abin da kika taɓo ya daɗe a hannuna. Kin ce a taron matasa an ƙarfafa ku ku riƙa rubuta addu'o'inku da abin da kuka karanta cikin Littafi Mai Tsarki. Kin sayi littafi mai bango mai kyau, kin yi kwana biyar kina rubutu, daga nan abin ya tsaya cak. Kina so ki sani ko wannan abu yana da tushe cikin Maganar Allah ko al'adar Turawa ce kawai, me ake rubutawa, da kuma yadda za ki yi da tsoron kada wani ya ɗauka ya karanta.

Ni malamar makaranta ce, na koyar da darasin addinin Kirista har na yi ritaya. Shekara 21 ke nan ina wannan rubutu. Littattafan suna cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadona, kowanne a ƙulle cikin leda, don gara ta taɓa cinye mini guda biyu a wata damina, kuma har yau ina jin zafin rashinsu.

Ki buɗe Littafin Ƙidaya sura 33. Sura ce da yawancinmu muke tsallakewa, don sunayen wurare ne a jere: suka tashi daga wuri kaza, suka yi zango a wuri kaza, fiye da zango 40. Amma aya ta 2 ta ce Musa ne ya rubuta su bisa ga umarnin Ubangiji. To, ki duba abin da ya sa a ciki. Ya rubuta Elim, inda suka tarar da maɓuɓɓugan ruwa 12 da itatuwan dabino 70. 'Yan ayoyi kaɗan a gaba ya rubuta Refidim, ya ce a can babu ruwan da jama'a za su sha. Ya rubuta Dutsen Hor, inda wansa Haruna ya rasu yana da shekara 123, har da shekarar da watan da ranar. Yawancin zangon kuwa suna ne kawai, ba a ce wani abu ya faru a wurin ba. Sun sauka, sun kwana, sun tashi. Ranar da na lura da wannan, na daina jin nauyin cewa dole kowane shafi ya ƙunshi babban wahayi. Littafina littafin zango ne, irin na matafiyi: ga inda na sauka yau, ga ko akwai ruwa ko babu.

Ba nan kaɗai ba. Sama'ila ya kafa dutse ya kira shi Ebenezer, don a tuna Ubangiji ya taimake su har zuwa wurin, yana cikin 1 Sama'ila 7:12. Joshuwa ya sa aka ɗauko duwatsu 12 daga tsakiyar Urdun aka kafa a Gilgal, don in yara sun tambaya a samu abin nuna musu. Ki lura kuma da kan wasu Zabura: ta 3 an ce Dawuda ya yi ta sa'ad da yake gudu daga ɗansa Absalom, ta 57 kuwa sa'ad da yake ɓoye cikin kogo. Addu'a ce aka rubuta, aka kuma rubuta halin da ake ciki lokacin da aka yi ta. Allah ya san ɗan Adam mai mantuwa ne, shi ya sa Zabura 103 ta gargaɗi rai kada ya manta da alheransa.

Amma bari in faɗa miki gaskiya: babu ayar da ta ce dole kowane mai bi ya ajiye littafi. Mahaifiyata ba ta san ko baƙi ɗaya ba, amma ban taɓa ganin mai tuna alherin Allah kamarta ba. Ita cikin waƙa take ajiye nata, tana daka tana rerawa, tana lissafa yunwar da aka tsallake da yaran da suka warke. Saboda haka kada wani ya sa ki ji kamar bangaskiyarki ta ragu don littafinki ya tsaya.

Batun Turawa kuwa, gaskiya ne da yawa cikinsu sun yi. John Wesley na Ingila ya yi fiye da shekara 50 yana rubuta tafiye-tafiyensa da wa'azinsa, daga 1735 har 1790. Amma tun kafin su, Agustin, wanda aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ya rubuta tarihin rayuwarsa yana magana da Allah kai tsaye, yana furta zunubansa. Ɗan Afirka ne. Shi ma Samuel Ajayi Crowther, Bayarabe, ya rubuta abin da ya gani kullum a tafiyar da suka yi kan kogin Kwara a 1841 tare da Schön, mishan ɗin da ya yi aiki sosai a kan harshen Hausa, aka buga rubutun nasu a 1842. Sai dai ki gane bambanci. Irin wannan an rubuta shi ne don mutane su karanta. Naki ba rahoto ba ne, kuma ba shaida ba ce da za ki tashi ki bayar gaban ikilisiya. Ina zaton nan ne matsalar kwana biyar ɗinki ta fito. Littafi mai tsada yana sa mutum ya ji tsoron ɓata shi, sai ya riƙa neman kalmomi masu daɗi kamar mai shirya wa'azi, kafin mako ya zagayo ya gaji.

Ni littafin 'yan makaranta nake saya, mai shafi 60, da biro na yau da kullum. Bayan addu'ar asuba, kafin gida ya tashi, nakan sa kwanan wata da inda nake. In rubuta ayar da ta tsaya mini a rai daga karatun ranar, aya ɗaya tak. Sai in rubuta abin da ke damuna ko abin da nake godiya a kai, yadda zan faɗa da bakina. Layi uku, wani lokaci biyar. Gefen jan layin nan da malamai ke sa maki nakan bar shi fili, don in amsa ta zo in dawo in sa ranar. Ki rubuta da harshen da kike kuka da shi. Ni Hausa ce, maƙwabciyata da muke Zumuntar Mata tare takan gauraya Hausa da yarensu, kuma ta ce sai ta shiga yaren ne gaskiyar ke fitowa. Akwai makon da sau biyu kawai nake rubutu. Sannu ba ta hana zuwa.

Abin da ba a cika gaya wa masu farawa ba shi ne, amfanin littafin ba a ranar rubutu yake fitowa ba, sai ranar da kika koma baya kika karanta. Ni Lahadin ƙarshen wata nake yi, bayan an taso daga sujada an ci abinci, sai kuma 31 ga Disamba kafin mu tafi addu'ar shiga sabuwar shekara.

A irin wannan karatun ne littafin ya kama ni. Wata shekara mun samu saɓani da facalata a kan rabon hatsin gonar gado. Ni a ganina na yafe, har na ci Jibin Ubangiji sau biyu hankalina kwance. Da na zauna ina juya shafuka na wata uku, sai na ga maganarta ta fito sau 14. Kullum da sunan addu'a: Ubangiji ka shirye ta, Ubangiji ka nuna mata laifinta, Ubangiji ka ga abin da ta yi mini. Ko sau ɗaya ban roƙa mata alheri ba. Rubutun hannuna ne, babu wanda zan ce ya yi mini ƙage. Na rufe littafin, na daɗe zaune a bakin gado, Matiyu 5:23-24 tana ta yi mini yawo a kai, inda Yesu ya ce ka bar baikonka gaban bagade ka je ka shirya da ɗan'uwanka tukuna. Washegari na auna gyaɗa kwano biyu na tafi gidanta. Na tarar tana wanki a bakin rijiya. Ta ɗago ta gan ni, hannunta duk kumfa, ta ce, "Yaya, lafiya?" Na ce lafiya lau, na zo ne in nemi gafara. Ta share hannu a zani, ta jawo mini kujera, muka yi kuka tare. Da wa'azi na ji a kan gafara, da na ce ai da wasu ake. Gani ya kori ji.

Akwai kuma shafin da gefensa har yau babu komai. Lokacin da maigidana ya kwanta ciwo, kusan kullum ina rubuta roƙon warkarwa, da ayoyi, da azumin da na yi, da abin da likita ya ce. Ubangiji ya ɗauke shi. Wata bakwai ban taɓa littafin ba, ko kallonsa ba na son yi. Ranar da na koma, kwanan wata kawai na iya sawa, da kalma biyu: "Ina nan." Bayan haka na yi makonni ina kwafe Zabura 88, aya ɗaya kowace safiya, don ita ce Zaburar da ta ƙare cikin duhu ba tare da wata kalmar ta'aziyya ba, kuma Allah ya bar ta cikin Littafinsa haka. Ban koma na cika gefen nan da wani bayani don in kare Allah ba, ba ya bukata. Refidim ɗina ke nan, kuma yana cikin littafin. Amma a waɗannan shafuka ɗin dai, da na iya karanta su daga baya, na ga abubuwan da baƙin ciki ya shafe mini: wace ce ta kwana da ni a asibiti, wane dattijo ne ya biya kuɗin magani bai bari an sani ba, da ranar da maigidan ya farka ya ce in rera masa waƙa daga Littafin Waƙoƙi. Da ban rubuta ba, da abin da zan tuna kawai shi ne na roƙa ba a ba ni ba.

Tsoronki na kada a karanta kuwa yana da dalili, musamman a gidan da ake kwana ɗaki ɗaya da ƙanne. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Shi ma Wesley yana da wani ƙaramin littafi na sirri da yake rubutawa da alamomi, dabam da wanda aka buga. Ni ba na sa cikakken sunan kowa, harafi ɗaya nake sawa, wani lokaci ma ba na farkon sunan ba. Asirin da wata ta ba ni don in taya ta addu'a ba na zayyana shi, nakan ce "damuwar 'yar'uwar nan" kawai, Allah ya san ko wace ce. Zunubin da na furta kuma na tuba, in na rubuta shi a takarda dabam don zuciyata ta sauke, nakan ƙone takardar. Abin da Allah ya yafe ba sai na yi masa rumbu ba. Idan a waya kike so ki rubuta, ki sa mata makulli, amma ki sani waya takan ɓace ko a sace, kuma saƙonnin WhatsApp ba sa barin mutum ya natsu. Wadda rubutu ke ba ta wuya tana iya ɗaukar muryarta, na san wata tsohuwa da jikarta ta koya mata haka.

Abu ɗaya nake roƙonki ki kiyaye sosai. Kada ki yi saurin rubuta "Ubangiji ya ce mini". Na yi haka a shekarun farko a kan wata shawara ta kuɗi, don na rubuta shi da wannan kalma sai na ƙi jin gargaɗin kowa, na kuwa yi asara. Yanzu nakan rubuta "ina ji a raina kamar", sai in auna shi da Maganar Allah, in kai wa matar fasto ko wata babba cikin bangaskiya, kamar yadda 1 Yahaya 4:1 ta ce a gwada ruhohi. Littafinki mai tuni ne, ba Littafi Mai Tsarki na biyu ba ne, kuma ba zai maye gurbin sujada da zumunta ba.

Wancan littafin naki da ya tsaya a kwana na biyar, kada ki yage shafukan, kada kuma ki ce sai sabuwar shekara. Ki tsallake layi ɗaya, ki sa kwanan watan yau, ki rubuta inda kika sauka, ko da cewa za ki yi yau ban ji komai cikin addu'a ba. In kin kai wata uku ki koma shafin farko ki karanto, sa'an nan ki zo ki gaya mana abin da kika tarar, in abin da za a iya faɗa ne. Na riga na sa ki a shafina na yau, da harafi ɗaya, kuma na bar gefen fili.