Me Ya Sa Bayern Ta Ɗauki Tanikawa, Ta Kuma Ba Da Ita Aro?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni malamar makaranta ce, kuma ina bin ƙwallon ƙafa ta mata. Mun yi gardama da ƙanena a kan yarinyar nan ta Japan, Momoko Tanikawa. An ce Bayern Munich ta ɗauke ta, amma ko wasa ɗaya ba ta buga ba aka tura ta Suwidin. Shi ya ce duk ɗan wasan da aka ba da aro, ƙungiya ba ta ga amfaninsa ba ne. Gaskiya ne? Kuma me ya hana 'yan matan Japan zama su buga a gida?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Ki gaishe min da ƙanen naki, ki ce masa a wannan karon bai canka ba. Akwai aron da ake yi don a rabu da ƙaya, wannan gaskiya ne, amma na Tanikawa aron reno ne. Bari in fara miki da abin da na gani da idona, don gani ya kori ji.

Ranar 28 ga Yulin 2024 ce, a filin Parc des Princes na birnin Faris, gasar Olamfik. Japan ta riga ta sha kashi a hannun Sifaniya 2-1 a wasan farko, ga shi Barazil ta jefa mata ɗaya a minti na 56. Tun kafin a tafi hutun rabin lokaci Mina Tanaka ta buga fenareti, mai tsaron ragar Barazil, Lorena, ta kama. Ina zaune gaban talabijin na riga na saduda. Saura kamar minti 10 a tashi kocin Japan Futoshi Ikeda ya sako Tanikawa, yarinya 'yar shekara 19. Ta karɓi ƙwallo, ta kutsa cikin da'irar Barazil, ta yanke, ƙwallon ta taɓi hannun 'yar baya. Fenareti. Kyaftin Saki Kumagai ta ajiye ta a raga, aka koma 1-1, lokacin har an cika minti 90.

Mafi yawan 'yan wasa a nan za su ce Alhamdulillahi, maki ɗaya ya fi babu. Sai ga wata 'yar bayan Barazil ta yi kuskuren miƙa ƙwallo, ta gangaro wajen yarinyar nan can nesa da raga. Ba ta tsayar da ita ba, ba ta nemi wadda za ta ba wa ba. Ashe ta riga ta hango Lorena ta fito daga bakin ragarta. Bugu ɗaya ta yi, ƙwallon ta tashi sama, ta tsallake kan golar, ta faɗa raga. Minti na shida cikin waɗanda alƙaliyar wasa ta ƙara. Wallahi ban san sanda na miƙe tsaye ba. Bayan kwana uku Japan ta doke Najeriya 3-1 a Nantes ta wuce zagaye na gaba, inda Amurka ta fitar da ita da ci ɗaya a ƙarin lokaci.

To Malama, tambayi kanki: daga ina yarinya ta samu wannan ƙarfin zuciya da wannan saitin ƙafa? Amsata ita ce daga Suwidin, inda aka tura ta aron da ƙanenki yake rainawa.

An haifi Tanikawa a watan Mayun 2005, 'yar Nagoya ce. Ta taso a makarantar horar da 'yan wasa ta hukumar ƙwallon Japan mai suna JFA Academy Fukushima, inda yara ke shiga tun suna 'yan shekara 12 su yi shekara shida suna haɗa boko da ƙwallo. Girgizar ƙasa da haɗarin nukiliya na 2011 sun sa an kwashe makarantar zuwa lardin Shizuoka, a can ta yi nata karatun. Dokar FIFA ta hana a sayi ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, sai bisa wasu sharuɗɗa kaɗan. Ta cika, Bayern ta ɗauke ta a Janairun 2024.

Yanzu duba tsakiyar filin Bayern a lokacin. Ga Georgia Stanway ta Ingila, ga Sarah Zadrazil ta Ostiriya, ga Pernille Harder ta Denmark a gabansu. Yarinyar da ta fito daga makaranta jiya, ba ta jin Jamusanci, kakar wasa ta yi rabi, wa za ta ture a cikin waɗannan? Da ta zauna, minti biyar-biyar za a riƙa ba ta a ƙarshen wasan da aka riga aka ci. Ɗan wasa kuwa ba ya nuna a benci, sai dai ya ruɓe.

Shi ya sa aka miƙa ta ga FC Rosengård ta birnin Malmö. Gasar matan Suwidin, Damallsvenskan, tana farawa ne a watan Maris ko Afrilu ta ƙare a Nuwamba, saboda sanyin ƙasar. Ke nan ta samu watanni ta saba da abokan wasa kafin a fara, ta kuma samu kaka cikakkiya tana buga wasa mako-mako da mata manya masu ƙarfin jiki. Sanda aka je Olamfik a Yuli, masu buga wasa a gasannin Jamus da Ingila daga hutu suka taso, ita kuwa tana tsakiyar kaka, tana kan ganiyarta. Ta ƙare shekarar da ƙwallo 16, babu wadda ta fi ta a gasar, alhali 'yar tsakiya ce ba 'yar gaba ba. Rosengård ta ɗauki kofi. A Janairun 2025 Bayern ta kira kayanta, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyar ta haɗa kofin Bundesliga da kofin ƙalubale na Jamus.

Ba a kanta aka fara ba. Chelsea ta ɗauki Maika Hamano a Janairun 2023, bayan an zaɓe ta gwarzuwar kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 20 a Kosta Rika, nan take ta tura ta Hammarby ta birnin Stockholm. Hanya ɗaya ce.

Sai tambayarki ta biyu, wadda ta fi taɓa ni. Japan ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Ita ta ɗauki kofin duniya na 2011 a Frankfurt, bayan ta tashi 2-2 da Amurka aka je bugun fenareti. Wadda ta buga na ƙarshe ita ce Kumagai ɗin nan, tana da shekara 20, Tanikawa kuwa tana da 6. Amma duk da wannan nasara, yawancin 'yan wasan gida sun ci gaba da yin aikin ofis ko na kamfani da rana, su yi atisaye da yamma. Sai a Satumban 2021 aka buɗe gasar ƙwararru zalla, WE League, da ƙungiyoyi 11. Kafin ta kafu, Turai ta riga ta yi nisa wajen albashi, da cikar 'yan kallo, da gasar Zakarun Turai. Kumagai ta ɗauki wannan kofi sau biyar da Lyon. Yarinyar da ta taso tana kallon haka, me za ki ce mata ta zauna?

Haka Yui Hasegawa da Aoba Fujino suka tafi Manchester City, Fuka Nagano ta tafi Liverpool, Hinata Miyazawa, wadda ta fi kowa cin ƙwallo a kofin duniya na 2023 da guda 5, ta tafi Manchester United. Tawagar ƙasa ta ci ribar haka. A Fabrairun 2025 Japan ta je har Amurka ta doke masu gida 2-1 ta ɗauki kofin SheBelieves, kuma a wasansu da Kolambiya ba a cika minti ɗaya da take wasa ba Tanikawa ta zura ƙwallo.

Ba zan ɓoye miki ba, abin yana sosa min rai ta ɓangare guda. Ina murna da kowace yarinya da ta samu wannan dama, don ta yi gumi a kai. Amma ƙaramar yarinyar da mahaifinta zai riƙe wa hannu ya kai ta filin wasa a Kobe ko Saitama ranar Asabar, ba za ta ga Tanikawa a fili ba. In tana son ganinta, sai ta hana idonta barci, domin sanda Bayern ke take wasan yamma a Munich, dare ya riga ya raba a Japan.