Tambayi Likitan Dabbobi: Ƙazuwar Kare, Fitsarin Muzuru da Cizo

Tambaya: Assalamu alaikum. Karen da ke mana gadi gashinsa na zubewa, yana susa dare da rana har gefen kunnuwansa ya yi ɓawo. An ce in shafa masa baƙin man inji. (Mai karatu daga Funtuwa)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, don Allah kada baƙin mai ya taɓa shi. Yana ƙona fata, kuma kare zai lashe shi ya haɗiye guba. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ƙazuwa: wasu ƙananan ƙwari ne da ido ba ya gani, suna haƙa rami a fata su zuba ƙwai. Sukan fara da gefen kunne, gwiwa da ƙasan ciki. Ka murza gefen kunnensa. In ƙafar baya ta fara harbawa kamar zai yi susa, zargin ya ƙara ƙarfi. Likita zai kankare fatar kaɗan ya duba da madubin likita.

Maganin da aka saba shi ne allurar ivermectin a ƙarƙashin fata, miligiram 0.2 zuwa 0.4 ga kowane kilo. Karen da ya kai kilo 15 ke nan awonsa mililita 0.3 zuwa 0.6 ne na ruwan allurar mai ƙarfin kashi 1 cikin 100. A nan ake yin ɓarna, domin masu sayar da maganin shanu sukan zuƙo masa awon ɗan maraƙi, sai ya kama layi, yawu na dalala, ido ya daina gani. A auna shi, likita ya yi allurar. Ana maimaitawa bayan kowane sati biyu har sau uku, saboda ta farko ba ta kashe ƙwai. Duk karnukan gidan za a yi wa, a wanke shimfiɗarsu da ruwan zafi.

Tambaya: Muzuruna mai tsabta ne a da, yanzu yana fitsari a kan katifa. Na doke shi bai daina ba. Ko in ba shi farasitamol? (Wata uwa daga Sakkwato)

Amsa: Hajiya, ƙwaya ɗaya ta farasitamol tana iya kashe mage. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, sai jini ya kasa ɗaukar iska, dasashi ya yi duhu, fuska ta kumbura.

Ki lura da yadda yake fitsarin. In a tsaye yake, jela a sama tana rawa, yana fesawa a bango, to shaida yake sa wa gida don sauran muzurai. Fiɗiya tun yana wata shida tana rage wannan sosai. In kuwa tsugunawa yake yi akai-akai, yana nishi, ɗigo-ɗigo ke fita ko da jini, yana yawan lasar gabansa, ciwon mafitsara ne. Hanyar fitsarin muzuru siririya ce, tsakuwa ƙarama na iya toshe ta. Muddin fitsari ya tsaya cak, mara ta yi tauri kamar lemo, a kai shi asibitin dabbobi a ranar, kada a matsa masa ciki. Kwana biyu zuwa uku a haka yana iya mutuwa. Duka kuwa tsoro yake ƙara masa, tsoron kuma yana tsananta ciwon. Ki ajiye masa faranti mai faɗi da yashi nesa da abincinsa, a kwashe kullum, ruwan sha kuma kada ya yanke.

Tambaya: Kwikwiyonmu ya ciji yarona, ɗan ƙwarzane ne kawai. (Wani uba daga Maraɗi)

Amsa: Ko ƙwarzane ne, a wanke da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a sa aidin, a tafi asibiti yau domin allurar rigakafin haukan kare. Kada a jira alamu. Da zarar sun bayyana, kusan ba a tashi. Kada kuma a kashe kwikwiyon. A killace shi kwana 10 ana lura da shi, in ya canza hali ko ya mutu a sanar da likita nan take. In ya wuce lafiya, a yi masa tasa allurar da ya cika wata uku, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara.